Yadda Ake Sa Kifin Siklid Ya Hayayyafa a Tankin da Kifaye Iri-iri Suke Zaune Tare

Duk wanda ya taɓa cin karfasa ya riga ya san kifin siklid, domin karfasa tana cikin wannan babban dangi mai nau'o'i sama da 1,500, waɗanda mafi yawansu suke a Afirka, musamman a tafkunan Malawi da Tanganyika da Biktoriya, wasu kuma a Kudancin Amurka da Amurka ta Tsakiya. Abin da ya raba su da yawancin kifayen ado shi ne ba sa zubar da ƙwai su yi gaba. Suna gadinsa, suna kuma renon 'ya'yan har su yi wayo. Wannan hali ne ya sa ake iya samun haihuwa a tankin da kifaye iri-iri suke zaune tare, shi ne kuma yake haddasa rikici, saboda iyayen da ke gadin 'ya'ya ba sa raga wa maƙwabci. Aikin mai kiwo shi ne ya tsara tanki yadda iyayen za su tsare 'ya'yansu ba tare da sun kashe kowa ba, ya riƙe ɗumin ruwa dare da rana, ya kuma tanadi abincin da zai shiga bakin jarirai. A garin Jos, riƙe ɗumin ruwan ne ya fi ba da wahala.

Shawarata ga mai farawa ita ce ya fara da kiribensis, wanda masana suke kira Pelvicachromis pulcher. Kifin ƙasarmu ne, asalinsa rafukan kudancin Nijeriya da gaɓar Kamaru. Namiji yakan kai tsawon kimanin santimita 10, mace kuma ba ta kai haka ba, faɗansa yana da iyaka, kuma yana jure ruwan da bai cika tsafta ta littafi ba. A kansa zan gina bayanin nan, sannan a ƙarshe in taɓo inda sauran nau'o'in suka sha bamban.

Kayan da za a tanada

Tankin gilashi mai tsawon santimita 90, faɗin 40 da zurfin 40, wanda yake ɗaukar lita 144 idan an cika shi baki, amma bayan an zuba yashi da duwatsu ruwan ba zai wuce lita 120 da wani abu ba. Faɗin ƙasan tanki ya fi zurfinsa muhimmanci, domin kiribensis a ƙasa yake shata iyakarsa. Lallai ne a samu murfi, don kifi kan yi tsalle, murfin kuma yana tare ɗumi da ƙurar hunturu.

Hitar ruwa ta tankin kifi mai kashe kanta idan ruwa ya kai zafin da aka saita. Ƙa'idar da aka saba ita ce wat 1 ga kowace lita, amma a Jos gara a ɗauki ta wat 150 zuwa 200 ga tanki mai wannan girma. A haɗa da ma'aunin zafi na daban, wanda ake manna wa gilashi daga ciki, saboda lambobin da ke jikin hita ba kullum suke faɗin gaskiya ba.

Matatar soso da famfon iska da siririn tiyonsa. Matatar da take zuƙar ruwa da ƙarfi tana haɗiye jarirai. Wanda ya riga ya sayi irinta sai ya sanya wa bakinta guntun soso ya ɗaure da roba. A ƙara da ƙaramin famfon iska mai batir domin ranar da aka ɗauke wuta.

Yashi mai laushi ko tsakuwa ƙanana ƙwarai, da duwatsu, da kogo aƙalla biyu. Ƙoƙon kwakwa da aka raba biyu, aka kankare shi tas aka tafasa, ya wadatar, haka nan ƙaramar tukunyar ƙasa sabuwa wadda ba a shafa mata fenti ba. Sai tsirrai: anubiyas, wadda ita ma 'yar yammacin Afirka ce kuma ba ta buƙatar haske mai yawa, da gansakukar Jaba (Java moss), da kainuwa mai yawo a saman ruwa.

Bokiti biyu sababbi waɗanda sabulu bai taɓa shiga ba, da jarka ko randar ajiye ruwa, da tiyon zuƙe datti, da ƙaramar raga, da sirinji babba marar allura, da maganin kashe kulorin, da kayan gwajin ruwa masu auna amoniya da naitirait da tsamin ruwa. Daga ƙarshe, ƙwan artemiya (wata 'yar ƙaramar halittar ruwan gishiri dangin jatan lande), wanda ake samu wurin masu sayar da abincin tarwada, tunda masu ƙyanƙyasar tarwada da shi suke fara ciyar da nasu jariran, da gishiri, da ƙaramin tanki na lita 40 zuwa 60 da za a buƙata nan gaba.

Mataki na 1: Tsara cikin tanki

A ajiye tankin a kan teburi mai ƙarfi kuma daidaitacce, nesa da taga da ƙofar da ake yawan buɗewa, a shimfiɗa farin abin nan marar nauyi da yake zuwa cikin kwalin firji a ƙarƙashinsa, a kuma manna wani a bayansa da gefunansa biyu, domin yana riƙe ɗumi sosai. A wanke yashi da ruwa zalla har sai ruwan ya daina yin jawur, a zuba kaurin santimita 4 zuwa 5.

Duwatsun da ke kewaye da Jos yawancinsu giranait ne, kuma ba sa sauya yanayin ruwa, saboda haka ba sai an sayi dutse ba. A goge su da buroshi, a kwarara musu ruwan zafi, amma kada a dafa dutse a kan wuta don yana iya fashewa. Idan ana shakkar wani dutse, a ɗiga masa ruwan khal. In ya yi kumfa, yana da farar ƙasa a jikinsa, sai a ajiye shi gefe. A guji duwatsun da aka tsinto a tsofaffin ramukan haƙar kuza, musamman masu launin tsatsa.

A kifa kogo ɗaya a kusurwar hagu ta baya, ɗaya kuma a wajen tsakiya, kowanne da ƙofa guda wadda kifin zai shiga da ƙyar, wato faɗin kimanin santimita 3 zuwa 4, a kuma bar yashi ya ɗan toshe ƙofar, domin mace tana son ta haƙe shi da bakinta da kanta. Muhimmin abu shi ne a jera duwatsu da tsirrai a tsakiyar tanki yadda kifin da ke bakin kogo ba zai hango ɗaya ƙarshen ba. Kiribensis abin da ya gani yake kora. Wanda ya ɓace masa daga ido ya tsira. Masu farawa sukan jera komai a jikin bangon baya don tankin ya yi kyan gani, su bar gaba fili fetal, kuma a irin wannan tankin ne ake wayar gari a tarar an yayyage wutsiyar kowa. Anubiyas ba a binne tushenta a yashi, a jikin dutse ake ɗaure ta da zare. Kainuwa kuwa, in daga kududdufi aka ɗebo ta, a wanke ta sosai a bar ta kwana bakwai a bokiti, saboda tana zuwa da ƙwarin ruwa masu cin 'ya'yan kifi.

Mataki na 2: Barin ruwa ya nuna

Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, wadda guba ce. Akwai ƙwayoyin bakteriya masu amfani da suke zama cikin soson matata, suna mayar da amoniya naitirait, wanda shi ma guba ne, wasu kuma su mayar da shi naitiret, wanda ba ya cutarwa sai ya taru, kuma canjin ruwa ne yake fitar da shi. Sabon tanki ba shi da waɗannan ƙwayoyin, kuma yakan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su wadata. Abin da ya kamata mai kiwo ya sani ke nan daga ilimin sinadarai.

A cika tanki, a kunna matata da hita a digiri 25 zuwa 26, a riƙa jefa ɗan abincin kifi kaɗan kowace rana alhali babu kifi a ciki, ana gwada ruwan duk bayan kwana uku. Idan amoniya ta hau ta sauka, naitirait ma ya hau ya koma sifiri, ruwa ya nuna. Wanda yake da aboki mai tsohon tanki lafiyayye yana iya roƙon a matse masa dattin soson matata a cikin leda ya juye a nasa, wannan yana rage jiran ƙwarai. Wanda bai samu kayan gwaji ba kuma, ya cika mako 6 cif, sannan ya fara da ƙananan kifaye huɗu ko biyar kawai.

Ruwan famfo yana da kulorin, saboda haka a sa masa maganin kashe kulorin, ko a bar shi a buɗe kwana biyu ana hura masa iska. Ruwan rijiya da na burtsatse ba su da kulorin, amma na burtsatse yakan fito da ƙarancin iska, shi ma a bar shi ya kwana. Tsamin ruwa tsakanin 6.5 da 7.5 a ma'aunin pH ya yi daidai. Akwai abin lura a nan: an tabbatar cewa ruwa mai tsami sosai yana sa 'ya'yan kiribensis su fito maza da yawa, wanda ya kusa 7 kuma yana ƙara yawan mata. Duk da haka ban ba mai farawa shawarar zuba magungunan sauya tsami ba, domin ruwan da ya tsaya a wuri guda ya fi wanda ake ɗagawa ana saukewa.

Mataki na 3: Zaɓar ma'aurata da maƙwabta

Bambance jinsi ba shi da wuya idan kifin ya kai wata shida. Namiji dogo ne siriri, fiffiken bayansa yana ƙarewa da tsini, wutsiyarsa kuma tana da ɗan tsini a tsakiya. Mace gajeriya ce mai tumbi, cikinta ja ne mai sirkin shuɗi, kuma jan yana ƙara turuwa idan ta shirya yin ƙwai. A zaɓi namijin da ya ɗan fi macen girma. Hanya mafi tabbas ita ce a sayi matasa shida a bar su su zaɓi juna, sannan a fitar da sauran huɗun da zarar biyu sun kama kogo. Amma in kuɗi bai kai ba, namiji ɗaya da mace ɗaya yawanci sukan daidaita. Kada a bar ma'aurata biyu a tanki mai tsawon santimita 90.

Maƙwabta su zama masu zama a tsakiya da saman ruwa, masu sauri, waɗanda ba su fi iyayen girma ba: tetra takwas ko goma, ko daniyo, ko ƙananan rasbora. Suna da amfani fiye da ado, domin ganinsu yana sa ma'auratan su haɗa kai a kan baƙo maimakon su juya wa juna faɗa. Waɗanda za a guje wa su ne duk masu kiwo a ƙasa da dare, kamar kifin nan mai manne wa gilashi yana tsotsar gansakuka da ƙananan dangin tarwada, saboda sukan shiga kogo cikin duhu su lashe ƙwai. Gupi mai doguwar wutsiya shi kuma ba ya iya gudu, yakan sha cizo. Kifin gwal ruwan sanyi yake so, ba ya cikin wannan lissafi ko kaɗan. Jauhari, wato jan siklid ɗin nan mai ɗigo-ɗigo da ake samu a rafukan yammacin Afirka, kyakkyawa ne amma mafaɗaci ne na gaske, ba a haɗa shi da kowa a lokacin haihuwa.

A fara sa maƙwabtan, bayan mako biyu a kawo kiribensis. Duk kifin da aka sayo a bar ledarsa tana yawo a saman tanki minti 20 don zafin ya daidaita, a riƙa ƙara masa ruwan tanki kaɗan-kaɗan, sannan a ɗebo kifin da raga a zubar da ruwan ledar waje. Idan ƙaramin tankin nan yana nan, gara sabon kifi ya yi mako biyu a cikinsa tukuna a ga lafiyarsa.

Mataki na 4: Kiwata su

A ciyar sau biyu a rana, abin da za su cinye cikin minti biyu. Busasshen abinci na gwangwani shi ne tushe, amma abin da yake sa mace ta cika da ƙwai shi ne abinci mai rai: tana da aka wanke aka yayyanka ƙanana, da artemiya, sai ɗan dafaffen koren wake ko alayyafo sau ɗaya a mako. Tsutsar sauro abinci ce mai kyau gare su, amma kada wani ya ajiye ruwa a tsakar gida da niyyar tara ta, don zazzaɓin cizon sauro ya fi ƙarfin ribar. A canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwa kowane mako. Idan mako uku ya wuce babu motsi, a ɗaga hita zuwa digiri 27, a yi canjin ruwa da wanda ya fi na tanki sanyi da digiri ɗaya ko biyu, wanda yake kwaikwayon saukar damina.

Mataki na 5: Ƙwai

A wurin kiribensis mace ce take neman namiji. Za a ga ta sha gabansa, ta lanƙwasa jikinta ta turo jan cikin nan tana karkarwa, sannan ta koma kogo tana fito da yashi baki-baki tana tofarwa a ƙofa har ya yi 'yar tsibi. Ran da aka ga ta shige ta daina fitowa cin abinci, in ma ta leƙo cikinta ya saɓe, namiji kuma yana sintiri a bakin kogo yana korar duk mai wucewa, to an yi ƙwai. Tana manna shi ne a rufin kogo daga ciki, daga 50 zuwa 200 ko fiye gwargwadon girmanta, tana kaɗa masa ruwa da fikafikanta.

Babban kuskure a wannan mataki shi ne ɗaga kogo don a gani, ko haska shi da tocila. Macen da aka firgita takan cinye ƙwanta. A rubuta ranar a takarda a manna jikin tanki, a bar su. A digiri 26 ƙwan yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 2 zuwa 3, jariran kuma su yi kwana 4 zuwa 5 a kwance cikin kogo suna rayuwa da ƙullin gwaiduwar da ke cikinsu, saboda haka ba a ba su komai a wannan lokaci. A ci gaba da ciyar da maƙwabta a can ɗaya ƙarshen tanki, kada a yi babban canjin ruwa, kada kuma a kawo sabon kifi. Yana da kyau a bar ɗan ƙaramin haske a ɗakin da dare don uwar ta ga mai zuwa.

Idan aka ga macen ta fito bayan kwana biyu ko uku tana yawo kamar ba abin da ya faru, ƙwan ya lalace ko sun cinye shi. Wannan ya zama ruwan dare ga ma'auratan da suka yi na fari, kuma sukan sake cikin mako uku ko huɗu. Ƙwan da bai samu namiji ba yakan yi fari fat ya yi funfuna, uwar da kanta take tsince shi.

Mataki na 6: Ciyar da jarirai

Wajen kwana na 7 ko na 8 uwar za ta fito da su, tarin ɗigo-ɗigo masu launin yashi suna bin ƙarƙashinta kamar 'yan tsaki a bayan kaza. In ta hango haɗari sai ta yi wata girgiza, nan take su lafe a kan yashi har ido ya kasa ganinsu; wanda ya yi nisa kuma ta ɗauko shi a baki ta tofar cikin 'yan'uwansa. Mai farawa kan ɗauka cinye su take yi, ya yi gaggawar raba su. Da yamma takan mayar da su kogo su kwana.

Abincin farko shi ne artemiya sabuwar ƙyanƙyasa, kuma dole a fara haɗa ta kwana guda kafin ranar fitowar. A yanke gindin gorar ruwa ta roba mai lita ɗaya da rabi, a kifa ta baki a ƙasa da murfinta a rufe, a zuba ruwa lita 1 da gishiri giram 25 zuwa 30, wato kusan cokali biyu na cin abinci ba a tula ba, da ƙwan artemiya rabin ƙaramin cokali, a zura tiyon iska har ƙasa don ya riƙa juya su. A digiri 26 zuwa 28 suna fashewa cikin awa 24 zuwa 36. A ɗaki mai sanyi kuwa sukan ƙi fashewa, saboda haka a lokacin hunturu a tsoma gorar cikin wani bokiti mai ɗumi ko a rataye ta a cikin tankin kansa. Idan sun fashe a cire iska minti biyar, ɓawon zai taso sama, 'ya'yan masu launin lemo su taru a ƙasa, a zuƙo su da siririn tiyo a tace a ƙyalle mai laushi, a ɗauraye da ruwa marar gishiri. A riƙa haɗa gora biyu bi da bi, domin artemiyar da ta wuce yini guda da fashewa amfaninta ya ragu. A lura cewa akwai irin da ake sayarwa wanda an riga an cire masa ɓawo. Yawancinsa ba ya fashewa, jiƙa shi ake yi minti kaɗan a bayar kai tsaye, kuma jariran kiribensis suna ci tunda a ƙasa suke kiwo.

A tankin haɗaka ba a watsa abincin jarirai a saman ruwa, don tetra za su cinye kafin ya sauka, su kuma biyo shi har inda jariran suke. A fara ciyar da manya a nesa, sannan a ɗebi artemiya a sirinji, a haɗa masa guntun tiyo, a zura a hankali a fesa daidai kan garken. Iyayen za su kai wa tiyon cizo, ba komai. A yi haka sau 3 zuwa 4 a rana, kaɗan-kaɗan. Alamar sun ƙoshi ita ce cikinsu ya yi tulu ya koma launin lemo. Wanda cikinsa ya shafe yana cikin yunwa.

In babu artemiya, a dafa ƙwan kaza ya yi tauri, a gutsuri gwaiduwa kamar ƙwayar gero biyu, a murje ta cikin ƙyalle a ɗan ruwa, a bayar da sirinji. Tana ciyarwa, sai dai tana ɓata ruwa da sauri, saboda haka sau ɗaya a rana ya isa, a cike da busasshen abinci da aka niƙe ya zama gari. Abincin farko na jariran tarwada mafi ƙanƙanta shi ma yana yi. Gansakukar Jaba da saiwoyin kainuwa suna ɗauke da ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda jarirai suke tsinta tsakanin ciyarwa, shi ya sa tsohon tanki mai ɗan datti ya fi sabo fes raya 'ya'ya.

Yawan ciyarwa yana nufin yawan canjin ruwa, amma kaɗan-kaɗan: kashi ɗaya cikin goma duk bayan kwana biyu, da ruwan da zafinsa ya yi daidai da na tanki, ana zuba shi a hankali. A ɗaura ƙyalle a bakin tiyon zuƙa, a kuma duba bokiti da kyau kafin a zubar. Soson matata a cikin ruwan da aka cire daga tanki ake matse shi, ba a ƙarƙashin famfo ba, in ba haka ba kulorin zai kashe bakteriyar da aka yi makonni ana jira.

Mataki na 7: Sanyi da ɗaukewar wuta

Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, kuma a watannin Disamba da Janairu sanyin dare yakan sauka ƙasa da digiri 12, ga kuma sanyin tsakiyar damina a watan Agusta. Babban kiribensis zai jure ruwa ya sauka zuwa digiri 22 na ɗan lokaci, amma jarirai sukan daina cin abinci, sannan cutar farin ɗigo ta biyo baya. Wanda ba shi da sola ko janareta da zai riƙe hita, ya fi masa sauƙi ya shirya haihuwar ta faɗo tsakanin Maris da Mayu, lokacin da garin ya fi ɗumi.

Idan aka ɗauke wuta da dare, a kunna famfon batir a haɗa shi da matatar soso, a lulluɓe tankin da bargo har murfi. In ma'auni ya sauka ƙasa da 23, a cika gorunan roba biyu ko uku da ruwa mai zafi wanda hannu zai iya jurewa, a rufe su gam, a sa su suna yawo a cikin tanki, ana sauyawa in sun huce. Kada a taɓa kwarara ruwan zafi kai tsaye. Idan babu famfon batir, a riƙa ɗibar ruwan tanki da kofi ana kwararo shi daga sama sau da yawa duk bayan rabin awa, a can nesa da jarirai. Muddin matata ba ta aiki, a dakatar da ciyar da manya, a rage na jarirai. Haka kuma kada a kunna gawayi a rufaffen ɗaki don ɗumama kifi, haɗari ne ga mutanen gidan kansu. Maganin sauro na fesawa yana kashe kifi, turaren wuta mai yawa ma famfo yana zuƙar hayaƙinsa ya tura cikin ruwa. In dole ne a fesa, a kashe famfon, a rufe tankin ruf, sai ɗakin ya sha iska a buɗe.

Mataki na 8: Raba su da iyaye

A tankin haɗaka ba duka za su rayu ba ko da an yi komai daidai, kuma wanda ya tashi da 20 ko 30 daga haihuwa ɗaya bai yi asara ba. Mai son fiye da haka yana da hanya biyu. Ko dai ya raba tankin da raga mai ƙananan ido ko farantin roba mai huji-huji, iyaye da 'ya'ya a gefe guda, ko kuma bayan mako guda da fitowarsu ya zuƙe kimanin rabinsu da tiyo zuwa ƙaramin tankin da aka cika da ruwan babban, da hitarsa da tsohon soso. Kada a kwashe su duka, domin namijin da ya rasa 'ya'ya yakan matsa wa macen ta sake ƙwai alhali ba ta murmure ba.

Wani lokaci ɗaya daga cikin iyayen yakan ƙwace renon ya kori ɗayan. In aka ga wanda aka kora ya maƙale a saman kusurwa launinsa ya dushe, a fitar da shi, guda ɗaya ya isa reno. Bayan mako 4 zuwa 6, lokacin da 'ya'yan suka kai santimita 1.5 zuwa 2 suka fara watsuwa, cikin uwar zai sake yin ja, kuma daga nan waɗanda take karewa jiya su ne za ta fara kora. A kwashe su a wannan gaɓa. A ƙaramin tanki a ciyar sau uku a rana, a canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwa sau biyu a mako, a kuma ware manyan daga ƙananan in tazarar ta yi yawa. A wata na uku zuwa na huɗu ana iya bayar da su ko a sayar. Kada a haɗa wa da ƙanwa su hayayyafa zuriya bayan zuriya, a nemi musayar namiji da wani mai kiwo. Kada kuma a juye rarar a rafin Dilimi ko a tafkunan kuza.

Idan wani nau'in aka samu

Anjel, ɗan asalin kogin Amazon, ba ya shiga kogo. A kan faffaɗan ganye ko tayil da aka jingina a tsaye yake jera ƙwansa, yana son tanki mai zurfin santimita 45 ko fiye da zafin digiri 27 zuwa 28, kuma a tankin haɗaka da wuya ya raya 'ya'ya, saboda haka a ɗauke tayil ɗin da ƙwan zuwa ƙaramin tanki, a sa tiyon iska kusa da shi da ɗigon maganin metilin bulu don hana funfuna. Siklid na tafkin Malawi kuwa, irin rawayan nan da ake yawan gani, a baki mace take goyon ƙwai kamar yadda karfasar Nilu take yi, kimanin mako uku ba ta cin abinci, maƙogwaronta a kumbure. Suna son ruwa mai farar ƙasa, pH kusan 8, ana ajiye namiji ɗaya da mata uku ko huɗu, kuma ba a haɗa su da tetra ko kiribensis. A ƙarshen mako na biyu a kama macen a hankali da kofi, ba da raga ba don kada ta tofar da ƙwan, a kai ta ƙaramin tanki mai dutse guda, a bar ta ta saki 'ya'yan da kanta, sannan a ciyar da ita kwana uku ko huɗu ita kaɗai kafin a mayar da ita wurin namiji.